Zumar Ingila da Barkonon Amurka: Ina Bahaushe Ya Ajiye Nasa Bakin?

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Sun kuma ce baki shi ke yanka wuya. Amma ba su taɓa cewa a ɗinke bakin ba, ba su kuma ce a cika shi da zuma alhali ciki babu komai sai iska ba. Wannan shi ne ginshiƙin abin da muke son mu tattauna da mai karatu, kuma wata gardama ce da ta ɓarke a gabanmu ta sa muka ɗauki alƙalami.

A garin Jikwoyi, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu ta nufi Karshi, akwai wata majalisa da mukan zauna bayan sallar isha'i a gaban teburin wani mai shayi. Yawancin 'yan majalisar ma'aikata ne da kan yi sammako su kutsa cikin cunkoson motocin Nyanya su shiga birnin Abuja, su komo da dare a gajiye. A cikinmu akwai samari biyu 'yan boko, ɗaya yana aiki a wata ƙungiya da Turawan Ingila ke shugabanta, ɗayan kuwa shugabanninsa Amurkawa ne. Wata rana wani dattijo maƙwabcinmu, mai sayar da hatsi, ya zo da takardun ɗansa a cikin leda, yana neman a taimaka a sama wa yaron aiki.

Ya fara miƙa wa yaron Amurkawa. Saurayin ya duba takardun bai fi minti ɗaya ba, ya ɗago kai a gaban jama'a ya ce, "Baba, gaskiya ɗanka bai cancanta ba. Da wannan sakamako ko masinja ba za a ɗauke shi ba. Kada ka ɓata lokacinka." Majalisa ta yi tsit, kai ka ce ruwa ya cinye mu. Dattijo ya sunkuyar da kai, ya juya wurin yaron Ingilawa. Wannan kuwa ya karɓi takardun da hannu biyu, ya yi murmushi, ya ce, "Kai, Baba, ai wannan abin sha'awa ne ƙwarai! Bar su a wurina, za mu duba, za mu waiwaye ka." Dattijo ya tafi yana sa masa albarka. Wata biyar cur ya yi yana jiran waiwaye, har sau uku ya biya kuɗin mota ya bi saurayin ofis. Takardun kuwa suna nan cikin aljihun mota inda aka jefa su tun daren farko.

Da maganar ta fito fili sai majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce na farko ya yi rashin kunya amma ya yi gaskiya, wai haka Amurkawa suke, shi ya sa suka ci gaba. Wasu suka ce na biyu ya nuna wayewa da sanin darajar manya, wai haka Ingilawa suke, ba su ce wa mutum a'a ƙiri-ƙiri. Babu wanda ya tambayi yadda kakanninmu za su yi da wannan dattijo. Kaico! Ashe har mun kai matsayin da idan za mu yi wa maƙwabcinmu magana sai mun zaɓi tsakanin Landan da Washintan?

Bari mu fara auna kayan aron nan biyu, tunda su ake yi mana talla.

Haƙiƙa akwai bambanci tsakanin yadda Ba'ingile da Ba'amurke ke sarrafa harshe guda. Ba'ingile yakan rage wa magana nauyi da gangan. Idan abu ya yi muni ƙwarai sai ya ce bai yi daɗi sosai ba. Idan ya buɗe jawabinsa da cewa yana matuƙar girmama ra'ayinka, to shirya, yana nufin ka yi shirme. A watan Yuni na 1982 wani jirgin saman Ingila samfurin Boeing 747 ya shiga cikin tokar dutse mai aman wuta a sararin samaniyar Indunusiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin jirgin, Kyaftin Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa an sami wata 'yar ƙaramar matsala, wato injuna huɗun sun tsaya, yana kuma fatan hankalinsu bai tashi sosai ba. Allah Ya kiyaye, injunan suka tashi, jirgi ya sauka lafiya a Jakarta. Ingilawa na alfahari da wannan labari, kuma sun cancanci yin haka, domin sanyin baki a irin wannan wuri jarunta ce.

Amma akwai wani labarin da ya fi dacewa da mu. A watan Afrilu na 1951, lokacin yaƙin Koriya, rundunar Sin mai ɗimbin yawa ta yi wa wata bataliyar sojojin Ingila ƙawanya a bakin kogin Imjin. Ana ba da labarin cewa da janar na Amurka da ke sama da su ya tambayi halin da ake ciki, sai Birgediya Tom Brodie ya amsa da cewa al'amura sun ɗan yi danƙo. A kunnen Ba'ingile wannan na nufin ana gab da halaka. A kunnen Ba'amurke kuwa yana nufin ana ɗan fama amma za a iya jurewa. Ba a ba su umarnin janyewa a kan kari ba, ƙarshenta aka kama fiye da mutum 500 daga cikinsu. Harshensu ɗaya, abokan gabarsu ɗaya, amma kunnuwansu daban. Winston Churchill ma ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta jayayya a wani taro lokacin yaƙin duniya na biyu a kan ɗora wata magana bisa tebur, wanda a wurin Ingilawa ke nufin a tattauna ta yanzu, a wurin Amurkawa kuwa a jingine ta. Sai can suka gane ashe abu ɗaya suke so.

To, ga masu yi mana tallar ladabin Ingila, muna da tambaya. Shin mun manta mun taɓa ɗanɗana wannan zuma? A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya tara manyan gari ya shaida musu cewa kamar yadda Fulani suka sami mulki da takobi, haka shi ma ya samu, saboda haka naɗa sarki da tuɓe shi da sa haraji duk sun koma hannunsa. Bayan an gama da bindiga ne aka fito da zuma. Aka ce Razdan ba ya ba sarki umarni, shawara kawai yake ba shi. Sai dai shawara ce wadda ba a ƙin ta. Sarkin da ya ɗauka shawarar Razdan irin ta fadawansa ce, wadda yakan ɗauka ko ya bari, ya tambayi labarin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka tuɓe a farkon shekarun 1920 aka kai shi Lakwaja. Mutanen da suka ba umarni sunan shawara su ne za su koya mana tausasa harshe? Har gobe a majalisar dokokinsu ba a yarda wakili ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci ba. A watan Yuli na 2021 an fitar da wata wakiliya, Dawn Butler, daga zauren saboda ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya yi ƙarya, ta kuma ƙi janye kalmar. Wato dokar zauren ba ta tambayi ko an yi ƙaryar ba, kalmar kawai ta hukunta.

Masu tallar barkonon Amurka kuma kada su yi saurin tafi. Gaskiya ne Ba'amurke yakan faɗi abin da yake so da farashin da zai biya ba tare da ɓata lokaci ba, yakan kira sa'an ubansa da sunansa na yanka, yakan ce a'a ba tare da ya ji nauyi ba. A ciniki da aikin ofis wannan na da amfani, ba mu musa ba. Sai dai duk wanda ya zauna da su ya san cewa su ma suna da tasu zumar. Shugaban aiki zai yaba maka sau uku kafin ya soke ka sau ɗaya, ya tambaye ka lafiya ya wuce bai jira amsa ba, ya ce komai naka ya yi kyau matuƙa ranar Litinin, ranar Juma'a ya miƙa maka takardar sallama. Daɗin daɗawa, wannan faɗar gaskiya tasu ruwa ce, gangare take bi. Daga mai ƙarfi take sauka kan marar ƙarfi. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa daga cikin matasan sa kai na farko da gwamnatin Shugaba Kennedy ta turo Nijeriya ta rubuta katin gaisuwa zuwa gida, ta bayyana ƙazanta da talaucin da ta gani a Ibadan. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, jami'a ta ɗauki zafi, dole ta bar ƙasar. Mai yiwuwa abin da idonta ya gani ta rubuta. Amma baƙon da bai gama kwance kayansa ba, ya fara ƙirga tsummokaran masu gida, ya rasa wani abu da ya fi gani muhimmanci, shi ne hankali. Saurayinmu na majalisa ma, da ya kunyata dattijo a bainar jama'a, mun tabbata bai taɓa ce wa maigidansa Ba'amurke bai cancanta ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wani abin da ya faru a zamaninmu ya isa ya nuna cewa waɗannan riguna biyu ba a jikin kowa aka ɗinke su ba. A watan Mayu na 2016 na'urar ɗaukar hoto ta kama Firayim Ministan Birtaniya David Cameron yana gaya wa Sarauniya cewa Nijeriya na cikin ƙasashen da cin hanci ya yi wa katutu fiye da kima. Ga Ba'ingile mai ladabi, ashe a bayan ido bakinsa wuƙa ne. Da aka tambayi Shugaba Muhammadu Buhari a Landan, sai ya ce shi ba ya neman a ba shi haƙuri, dukiyar da aka sace aka ɓoye a can yake so a dawo da ita. Shekara biyu bayan haka, a watan Afrilu na 2018, yana tsaye kusa da Shugaba Donald Trump a fadar gwamnatin Amurka, 'yan jarida suka tambaye shi game da mummunar kalmar da aka ruwaito Trump ya siffanta ƙasashen Afirka da ita. Ya ce ba shi da tabbacin ingancin labarin, saboda haka abin da ya fi masa shi ne ya yi shiru. Kowa na da ra'ayinsa game da mulkin marigayin, ba kuma shi muke aunawa a nan ba. Abin lura shi ne, mutumin Daura guda ya ba mai kewaye-kewaye amsa a miƙe, ya kuma yi wa mai gatsali kawaici. Ya nuna cewa a rumbunmu akwai iri biyun duka, kuma aikin mai hankali shi ne ya san wanda zai ɗebo.

Wannan rumbu kuwa ba ƙarami ba ne. Muna da kunya, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Muna da kara, wadda ke sa mutum ya bar haƙƙinsa don ganin idon wani. Muna da kawaici, wato ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Muna da hannunka mai sanda ga mai saurin ganewa, da habaici da gugar zana ga mai taurin kai, da zambo ga wanda ya ƙi ji. Muna da wasan taubasai da na jika da kaka da na Katsinawa da Gobirawa, inda ake faɗa wa mutum gaskiya mai ɗaci cikin raha ba tare da an zubar da jini ba. Muna da ɗan aike, wanda kan ɗauki maganar da ta fi ƙarfin baki biyu ya kai ta. Wani Bature ma, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya yi nazari a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, aka buga shi a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1974. Ya lissafa halaye goma, ciki har da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci, gaskiya kuma ita ya sa a gaba. Abin takaici, Ba'ingile ya je Amurka ya karantar da su tarbiyyar Bahaushe, jikokin Bahaushe kuma suna Jikwoyi suna gardamar wanne daga cikin biyun za su kwaikwaya!

Wanda kuma ya ce al'adarmu ba ta san faɗa wa babba gaskiya ba, bai karanta tarihi ba. A wajen 1788, a filin idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bai zagi sarki ba, bai kuma rage ko ɗaya daga cikin buƙatunsa ba. A 1939 da aka kafa jaridar Hausa a Zariya, sunan da aka raɗa mata Gaskiya Ta Fi Kwabo. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna, cikin tattausar muryar nan tasa, ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, ya faɗi abin da talaka ke sha a hannun hakimai. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta koya wa talaka ya ɗaga kai ya ce a'a. Waɗannan mutane ba a Washintan suka koyi gaskiya ba, ba kuma a Landan suka koyi ladabi ba.

Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hangi na wani. Idan muka tsaya a kan yabon kai mun ci amanar mai karatu. Maganar da yaron Ingilawa ya yi wa dattijon nan, mu faɗi gaskiya, ba sai an je Ingila ake jin irinta ba. Mu nawa ne muka taɓa cewa "sai na duba" alhali mun san babu abin da za mu duba? Mu nawa muka ce wa mai bin mu bashi "gobe in sha Allahu" alhali ko niyyar biya ba mu ƙulla ba? Mun ɗauki kalma mai girma, wadda aka umarce mu da faɗa idan mun yi azamar aikata abu, mun mai da ita ƙofar baya ta guje wa alkawari. Tela ya karɓi ɗinkin salla ya san ba zai gama ba, wai yana jin nauyin ya ce a'a. Iyayen yarinya su bar saurayi yana ta zarya da toshi shekara guda, alhali sun riga sun yi mata miji. A taron unguwa kowa ya san wanda ya ci kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, amma a tashi da addu'a ba wanda ya ce uffan, wai ana kara. Wannan ba kara ba ce. Tsoro ne da son zuciya suka ari rigar kunya suka sa.

A nan ne Jikwoyi ta zama makaranta. A cikin birnin Kano ko Katsina, idan dattijo ya ce maka "to, madalla, bari in yi shawara," ka san an sallame ka, domin kunnenka da bakinsa gida ɗaya suka tashi. Amma Jikwoyi ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, kuma tun da aka dawo da babban birnin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, musamman bayan rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, ta cika da Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma da Igala da sauran al'ummu. Mai gidan hayarka daban, mai shagon kusa da kai daban, makanikenka daban. Idan ka ce wa ɗayansu "in sha Allahu" kana nufin a'a, shi "i" ya ji, ya kuma tafi ya ɗora lissafinsa a kai. Ranar da abin ya warware sai ya ce Bahaushe ba shi da alkawari. Idan shi kuma ya zo ya ce maka "ba ni kuɗina yau" ba tare da ya tambayi iyali da gajiya ba, sai ka ce ba shi da tarbiyya. Kogin Imjin ke nan a ƙofar gidanmu, kowa na magana da gaskiyarsa, kowa na jin abin da ba a faɗa ba. Daga irin wannan ƙaramin saɓani ake tara ƙullin da wata rana ɗan siyasa zai zo ya hura masa wuta. Kara da kiyashi, in ji Hausawa, ɗaukar marar sani. Zaurance ba ya aiki sai tsakanin waɗanda suka san shi.

Saboda haka matsayinmu a fili yake. Gaskiya ita ce kayan, ladabi kuwa shi ne yadda ake ɗaure kayan da lokacin da ake sauke su da wanda ake saukewa a gabansa. Ana iya sauya ɗauri, amma ba a rage kaya. Ko Annabi Musa da aka aika wurin Fir'auna an umarce shi da tausasa lafazi, ba a ce ya sauya saƙo ba. Yaron Amurkawa ya kawo kaya cikakku ya jibge su a kan dattijo a tsakiyar kasuwa. Yaron Ingilawa ya kawo ɗauri mai kyau wanda babu komai a ciki. Idan kuwa dole sai mun auna laifin biyun, na biyu ya fi nauyi, domin zafin maganar farko kwana ɗaya ya yi, ƙaryar ta biyu kuwa ta ci wata biyar da kuɗin mota da zuciyar yaron da ke gida yana jira.

Abin da ɗan halas zai yi ba boyayye ba ne. Zai karɓi takardun, ya bari majalisa ta watse, ko ya bi dattijo gida da safe. Ya durƙusa ya gaishe shi, domin durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne balle sa'an uba. Sa'an nan ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, da wannan sakamako ba za a ɗauke shi a wurinmu ba, kuma ba ni da ikon sa a ɗauke shi. Amma in ka yarda, ya sake zama jarrabawar Turanci da lissafi, ko mu kai shi ya koyi aikin wayar lantarki, ni zan yi magana da mai koyarwar." Babu ƙarya a ciki, babu cin fuska. Dattijo ya tsira da mutuncinsa, ya kuma tsira da kuɗin motarsa.

Kiranmu ga malaman Hausa a makarantu da jami'o'i shi ne, kada a tsaya ga koya wa ɗalibai ma'anar kunya da kara don cin jarrabawa, a koya musu iyakarsu, wato inda kunya ke ƙarewa ha'inci ya fara. Ga iyaye, idan yaro ya ce "ba zan iya ba" cikin ladabi, kada a kira shi fitsararre, domin wanda aka hana cewa a'a yana ƙarami shi ke girma ya zama mai alkawarin ƙarya. Ga 'yan'uwanmu mazauna Jikwoyi da Karu da Nyanya da duk inda aka cakuɗa, mu buɗe maganarmu daidai kunnen mai sauraro, mu kuma daina fassara gajeriyar maganar maƙwabci da raini. Ga samarinmu masu aiki da Turawa kuwa, ku koyi kiyaye lokaci da rubuta yarjejeniya a wurinsu, waɗannan abin koyi ne. Amma idan kun sauka daga mota da dare kun shigo unguwa, ku tuna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dattijon nan har yanzu yakan wuce ta gaban majalisarmu, ya yi sallama, mu amsa. Sai dai bai ƙara zama ba. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya, Ya kuma ba mu hikimar sanin yadda ake faɗar ta, amin.